Muryar Ɗan Ci-rani a Treichville: Fim a Matsayin Madogarar Tarihi

Unguwar Treichville da ke Abidjan ta ci sunan Marcel Treich-Laplène, Bafaranshen da ya mutu a 1890. Da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, manyan jiragen ruwa suka samu hanyar shiga birnin, sai samari daga Nijar suka yi ta kwararowa neman aikin dako. Rahotannin Turawan mulki sun fi damuwa da yawansu, ba da abin da ke bakinsu ba.

Wannan giɓi ne ya sa fim ɗin Jean Rouch, Moi, un noir (1958), yake da muhimmanci ga mai nazari. Rouch ya ɗauki hotunan a Treichville babu sauti. Daga baya Oumarou Ganda, Bazabarme daga Yamai, tsohon sojan Faransa a yaƙin Indochina, wanda ke dako a tashar jiragen, ya zauna yana kallo yana ba da labari da ka, cikin Faransancin titi. Har ya laƙaba wa kansa sunan ɗan wasan Amurka, Edward G. Robinson, tamkar ɗan dambe mai yi wa kansa kirari.

To, aikin wane ne? Sunan Rouch ke kai, shi aka ba lambar Louis-Delluc. A ganina jawabin adabin baka ne, kuma Ganda ne mai shi. Ɗalibi ya lura cewa daga baya Ganda ya shirya nasa fina-finan: Cabascabo, kan sojan da ya dawo gida, da Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar lambar FESPACO a Wagadugu a 1972.