Gubar Dalma a Zamfara: Yadda Yanayin Zama ke Zaɓar Wanda Cuta Za Ta Ɗauka

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan annobar sanƙarau a jihar Zamfara suka ci karo da mace-macen ƙananan yara da ba su dace da wata cutar da aka saba gani ba, a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Yaran kan fara da amai da ciwon ciki, daga nan sai jijjiga da suma, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Gwajin jini ne ya nuna cewa gubar dalma ce, wadda aka ƙiyasta ta kashe yara aƙalla 400. Dalmar nan ta daɗe kwance a cikin duwatsun yankin ba ta taɓa kowa ba, saboda haka tambayar da ta dace ita ce wace hanya ta bi daga dutse zuwa jinin yaro mai rarrafe, kuma kowace gaɓa ta wannan hanya yanayin zaman jama'a ne ya shimfiɗa ta.

Masana lafiyar al'umma suna kiran irin waɗannan abubuwa sabubban zamantakewa na lafiya, wato yanayin da ake haifar mutum a cikinsa, ya girma, ya yi sana'a, ya tsufa, tare da yadda dukiya da iko suke rarrabe a tsakanin jama'a. Kwamitin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 2005 ƙarƙashin jagorancin Michael Marmot, wanda ya miƙa rahotonsa a 2008, ya kafa hujjar cewa waɗannan ne ke yanke wanda zai kamu da ciwo da wanda zai warke. Lamarin Zamfara ya nuna hakan ƙarara.

Gaɓar farko kasuwa ce. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashin zinare ya yi ta hawa har ya haura dala 1,200 kan kowane oza a 2010, kuma ga manomin da ke dogaro da damina ɗaya, wanda rumbunsa kan ƙare kafin kaka ta zagayo, haƙar zinare ta fi gero da dawa kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Ba rashin hankali ne ya kai shi bakin rami ba, lissafi ne na mai iyali.

Gaɓa ta biyu, wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta, ita ce gida. Maza kan ɗebo duwatsun zinaren, waɗanda ke ɗauke da dalmar, a buhuna su kawo cikin gari, a farfasa su da guduma, a niƙa su a busashe da injin niƙa irin na hatsi, a wanke garin, sannan a kama zinaren da zaiba. Wani kaso na wannan aiki a tsakar gida aka riƙa yin sa, domin nan ne matan aure ke gudanar da sana'o'insu tun asali, kuma matar da ta saba samun ɗan abin hannunta ta hanyar sussuka da daka ba ta ga bambanci ba don abin da ke cikin turmin ya zama dutse. A wannan fili dai ake shanya hatsi, a nan randar ruwa take, a nan kuma yaro ke rarrafe a kan ƙasa yana kai hannu baki. Jikin ƙaramin yaro yana zuƙe dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa, kuma zuƙar tana ƙaruwa idan cikinsa babu abinci ko yana fama da ƙarancin jini, abin da ke nufin yunwa da guba sun haɗa kai a kan yaro guda. A wasu wuraren an auna dalma sama da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasa, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga filin wasan yara 400 ne kacal. Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta taimaka aka gudanar a ƙauyuka biyu ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka ana binne yara kafin labari ya fita. Inda mutuwar ƙananan yara ta zama ruwan dare, kuma babu rajistar haihuwa da mutuwa mai inganci, ƙarin kaburbura ba ya saurin zama ƙararrawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Arewa maso Yamma, 187 ba sa kai shekara biyar, yayin da adadin ya tsaya a 62 a Kudu maso Yamma. Wannan giɓi shi ne ke jan matsakaicin tsawon rai ƙasa, domin shi wannan ma'auni lissafi ne na shekarun da ake sa ran jariri zai rayu bisa yawan mace-macen lokacinsa, kuma mutuwar ɗan shekara biyu tana rage shi fiye da mutuwar dattijo.

Ko magani ma sai da ya jira siyasa. Akwai ƙwayar da ke ɗaure dalma a cikin jini ta fitar da ita ta fitsari, amma ba ta da wani amfani idan yaron zai koma gidan da ya kwaso gubar, don haka dole a fara kankare saman ƙasar gidaje, a binne ta a rami, a zuba sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai wannan aiki tsakanin 2010 da 2011, tare da goyon bayan sarakuna da hakimai wajen fitar da niƙan dutse bayan gari, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jira da yara kimanin 1,500. Gwamnatin Tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850, ba a kuma saki kuɗin aikin ba sai farkon 2013, bayan matsin lambar ƙungiyoyin farar hula. Lahanin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwa kuwa ba ya gyaruwa, kuma waɗanda suka tsira suna iya girma da raunin fahimta, ciwon ƙoda ko hawan jini.

Akan ce jahilci ne musabbabi, saboda haka wayar da kai ko haramta haƙar ne mafita. Gaskiya ne mutanen ba su san dutsen na ɗauke da guba ba, amma sani ba ya cika rumbu, kuma haramci kan tura sana'a cikin ɓoye, inda babu mai iya koyar da niƙa da ruwa don kashe ƙura, ko wanke jiki da sauya tufafi kafin shiga gida. Tun da talaucin da farashin zinaren ba su sauya ba, a 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.