Gano Matsalar Akwatin Sautin MIDI a Yanayin Sahara: Nazari Daga Arlit da Akokan

Tsakure

Wannan maƙala ta auna ƙa'idojin ƙirar MIDI da yanayin zafi, ƙura da wutar lantarki na garuruwan yuraniyom a jihar Agadas. Ta kafa hujja cewa shirun akwatin sauti ba shi ne mutuwarsa ba, kuma gyara yana nasara ne idan an raba matsalar saƙo da matsalar sauti kafin a ɗauki dalma.

Gabatarwa

An kafa Arlit a 1969, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, domin ma'aikatan kamfanin yuraniyom na SOMAÏR, wanda ya fara haƙo a 1971. Akokan ta taso ne a gefen kamfanin COMINAK, wanda ramin Akouta nasa ya yi aiki daga 1978 har zuwa 31 ga Maris 2021. Garuruwa ne da suka tara masu aikin wuta da makanikai tun kafuwarsu, don haka hannun gyara bai yi ƙaranci ba. Abin da ya yi nisa shi ne kasuwar kayan gyara.

Kiɗan na'ura kuwa ba baƙo ba ne a Nijar. Mamman Sani ya naɗi kaset da ogan ɗin Orla a Yamai a 1978. A Kano, kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya nuna, fiyanon Yamaha PSR ne ya zama ƙashin bayan waƙoƙin fim tun tsakiyar shekarun 1990, kuma wannan salo ne ya ja mawaƙi Mdou Moctar zuwa Sakkwato, inda ya naɗi kundin waƙoƙinsa Anar a 2008. Duk wanda ya haɗa irin wannan fiyano da kwamfuta, MIDI ce ta haɗa masa su.

Yadda MIDI ke aiki

MIDI ta bayyana a 1983 bisa haɗin gwiwar Dave Smith na Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland. Ba sauti take ɗauka ba, umarni ne kawai: buga wannan murya, da wannan ƙarfi, saki yanzu. Kwamfuta tamkar sarkin kiɗa ce mai ba da alama, akwatin shi ne makaɗi. Umarnin yana bin waya mai allura 5 da gudun bit 31,250 a daƙiƙa, a kan tashoshi 16. Allura ta 4 da ta 5 ne ke ɗauke da wuta ta miliamfa 5, wadda ke kunna wata 'yar fitila a cikin mahaɗar haske irin 6N138 ko PC-900 a bakin akwatin. An yi haka ne don kada wutar na'ura ɗaya ta taɓa ta ɗayar. Wannan dabara ta shekara 40 da ɗoriya ita ce ta ceci na'urori da dama a wuraren da wuta ba ta da tabbas.

Rabe matsala

Matakin farko ba ya buƙatar sukudireba. Roland MT-32 na 1987 yana da fitilar da ke ƙyaftawa duk lokacin da saƙo ya shigo, kuma akwatuna da yawa sun bi wannan tsari. Idan ta ƙyafta babu sauti, matsalar tana ciki ko a saiti. Idan ba ta ƙyafta ba, a koma baya: wayar ta fita daga OUT ta shiga IN? A tsofaffin kwamfutoci masu katin MPU-401 ko makamancinsa, adireshin da aka saba shi ne 330, kuma idan manhaja tana neman wani daban, babu abin da zai fito. Ana iya ɗora ƙaramar fitilar LED tsakanin allura ta 4 da ta 5 na wayar da ta fito daga kwamfuta. Idan ta yi walƙiya, kwamfuta ta sauke nauyinta.

Saiti ya fi yaudarar mai gyara. MT-32 yana sauraron tasha ta 2 zuwa ta 9, da ta 10 don ganguna, ba ya kula ta 1 sai an sauya shi. Sannan ya girmi ƙa'idar General MIDI ta 1991, wadda ta jera kayan kiɗa 128 a tsari guda, kuma akwatin Roland SC-55 ya zo da ita. Shi ya sa waƙar da aka tsara wa SC-55 take fita a hargitse a MT-32, alhali lafiyarsa ƙalau. Fiyano ma yakan yi tsit idan manhaja ta kashe masa saitin Local. Murya mai maƙalewa tana ta kuka kuwa, umarnin saki ne ya ɓace a hanya, galibi saboda waya ko mahaɗar USB mai arha.

Zafi, ƙura da wuta

A nan ne Arlit ta bambanta da ɗakunan da aka rubuta littattafan gyara dominsu. Kondensa mai ruwan sinadari tana bushewa, kuma ƙa'idar masana'anta ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarta biyu. Mu ɗauki wadda aka yi wa alkawarin awa 2,000 a digiri 85. A digiri 45 za ta kai awa 32,000. A digiri 65, awa 8,000 kacal, ƙasa da shekara guda ta aiki ba hutu. A garin da bazara ke haura digiri 40 a inuwa, akwatin da aka ajiye ƙarƙashin rufin kwano, ƙura ta lulluɓe masa ƙarfen fitar da zafi, ya fi kusa da lissafi na biyu. Alamominsa gurnani a lasifika, sauti mai rauni, ko akwati ya mutu ya farfaɗo da kansa. Zafin rana da sanyin daren hunturu kuma suna tsattsaga dalma a gindin soket, wanda sau da yawa ɗumama shi kawai ke warkarwa.

Wutar yankin tana zuwa ne daga tashar kwal ta SONICHAR a Anu Araren, a kan bolt 220, ga kuma janareta idan ta ɗauke. Kayan gwanjo da aka ƙera wa Japan na bolt 100 ne, na Amurka 120. Amma a ganina adafta ce babbar mai kisa. MT-32 da SC-55 suna cin bolt 9 ne mai ragi a tsakiyar bakin, yayin da akasarin adaftocin kasuwa ƙari ne a tsakiya. Bakin zai shiga daram, ɓarnar kuma a cikin ƙiftawar ido. Auna adafta da mita ba ya cin minti guda. SC-55 yana da ƙarin haɗari, batirin CR2032 da ke ciki yana iya zuba ya ci layukan allon, don haka a duba shi ko da akwatin yana aiki.

Kammalawa

Tsarin da ya dace da Arlit shi ne adafta da farko, sai fitilar saƙo, sai tasha da saiti, sannan a buɗe a busa ƙura a duba kondensa da dalma. Ƙwaƙwalwar da ke ajiye sautin ita ce ta ƙarshe da za a zarga, kuma ba a samunta a teburin mai gyaran rediyo. Abin da ya sa lamarin ya wuce gyaran ƙarfe shi ne, fayil ɗin MIDI ba ya riƙe sauti; idan akwatin da aka tsara waƙa a kansa ya tafi, ainihin amon ya tafi. Muna kira ga cibiyoyin koyar da sana'a da Jami'ar Agadas su sanya gyaran kayan sauti cikin darasin lantarki, ga masu situdiyo kuma su naɗi sautin tsofaffin fayilolinsu tun akwatunan suna kunnuwa.