Djibril Diop Mambéty (1945-1998): kura, sefa da ƙananan mutane

Ranar 23 ga watan Yuli na shekarar 1998 Djibril Diop Mambéty ya rasu a birnin Pari, inda yake jinyar ciwon daji na huhu. Shekarunsa 53. Ya bar ɗa, ya bar dogayen fina-finai biyu kacal da ƴan gajeru, ya kuma bar wani fim da bai ga fitowarsa ba. Idan da yawan aiki ake auna mutum, to ba zai shiga sahun Sembène Ousmane ba. Abin da muke son nunawa a wannan takarda shi ne cewa wannan ma'auni bai dace da shi ba, kuma mai nazarin harshe yana da abin faɗa game da aikinsa, domin harshe da sauti ne ginshiƙinsa.

An haife shi a 1945 a Colobane, wata unguwa ta Dakar. Mahaifinsa limami ne. Bai yi karatun sinima a wata makaranta ba. Ta hanyar wasan kwaikwayo ya shigo, a gidan wasa na ƙasa mai sunan Daniel Sorano, kuma daga can aka sallame shi bisa zargin rashin ɗa'a. Bayan haka ya yi gajerun fina-finai biyu a kan birnin Dakar, Contras' City da Badou Boy, na biyun ya samu kyauta a bikin Kartaj na ƙasar Tunisiya a 1970. A daidai wannan lokaci ne Umaru Ganda ya fito da Cabascabo a nan Nijar, sannan Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu a 1972. Tsara ɗaya ce, kuma matsalarsu ɗaya: sai an kai fim Turai a wanke shi, a haɗa shi, kafin mai shi ya ga abin da ya ɗauka.

Touki Bouki da batun rubutu

A 1973 ya fitar da Touki Bouki. Labarin ba shi da wuyar taƙaitawa. Mory, makiyayin da ya shigo birni, yana yawo a kan babur mai ƙahonin sa, shi da budurwarsa Anta, ɗalibar jami'a. Burinsu su tafi Pari. Suka yi ta dabarun neman kuɗi, har da sata, suka samu tikitin jirgin ruwa. A bakin jirgin Mory ya kasa shiga, ya juya da gudu cikin gari. Anta ta tafi ita kaɗai.

Sunan fim ɗin ya cancanci a tsaya a kansa. A harshen wolof, tukki na nufin tafiya, bukki kuwa kura. A rubutun wolof na yau kalmomin biyu suna da ninkin baƙi, kamar yadda muke bambanta "kula" da "kulla" a hausa, amma rubutun da aka sa wa fim ɗin ya bi ƙa'idar faransanci, ya shafe ninkin. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a Senegal ta waccan lokaci. Shugaba Senghor, wanda shi kansa masanin nahawu ne, ya yi jayayya da Sembène a kan fim ɗin Ceddo na 1977, yana cewa da "d" ɗaya ya kamata a rubuta sunan, kuma fim ɗin ya daɗe ba a nuna shi a ƙasar ba. Waɗanda suka halarci tarurrukan daidaita rubutun harsunan ƙasa sun san yadda baƙi ɗaya kan raba zumunci.

Kurar wolof ƴar'uwar kurarmu ce. A tatsuniyoyinsu zomo ne ke yi mata wayo, a namu gizo. A duka biyun ita ce mai kwaɗayi, mai tsoro, wadda ke ganin nama ta manta da rami. Amma Mambéty bai ce mana wane ne kurar ba. Mory ne? Ko masu kuɗin da yake yi wa sata? A ganinmu nan ne ya rabu da Sembène, wanda yakan tsara labarinsa yadda mai kallo zai fita da darasi a hannu.

Ya kuma rabu da shi wajen sauti. A Touki Bouki sau da yawa abin da kunne ke ji ba shi ne abin da ido ke gani ba: kukan shanu a mahauta yana bin Mory har cikin gari, ƙarar teku tana rufe magana, wata waƙar Joséphine Baker a kan birnin Pari tana ta maimaituwa har ta koma ba'a. Harsunan ma an raba musu aiki. Wolof shi ne harshen zagi, ciniki da kirari. Faransanci na masu ofis ne da turawan da ke hira a cikin jirgi suna raina ƙasar da suka ci arzikinta. Ɗalibin da ke neman misalin zaman harsuna biyu masu matsayi daban a gari ɗaya zai same shi a nan, fiye da yadda zai same shi a littattafai da yawa.

Shekara 19

Daga 1973 zuwa 1992 bai sake yin dogon fim ba. An saba danganta wannan shiru da halinsa, a ce mutum ne mai wuyar sha'ani. Wataƙila da gaskiya a ciki, amma bayanin ya yi wa masu kuɗi sauƙi. Har farkon shekarun 1970 kamfanoni biyu na Faransa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba fina-finai da yawancin gidajen sinima a ƙasashen Afirka rainon Faransa, kuma fina-finan Indiya da na kaboyi sun fi musu riba. Fim irin nasa, wanda bai bi layin da aka saba ba, sai ya sha yabo a Cannes da Mosko, ya rasa masu zuba jari a gida. A 1989 ne ya dawo da ɗan gajeren Parlons grand-mère, wanda ya ɗauka a Burkina Faso lokacin da Idrissa Ouédraogo ke yin Yaaba.

Hyènes ya fito a 1992, ya shiga gasar Cannes. Tushensa wasan kwaikwayo ne na marubucin Suwis Friedrich Dürrenmatt, na 1956, amma Mambéty ya mai da shi Colobane, ya sa shi a bakin wolof. Linguère Ramatou ta dawo garinsu da dukiya mai yawa bayan shekaru. Tun tana yarinya Draman Drameh ya yi mata ciki, ya sayi shaidun ƙarya, aka kore ta. Yanzu ta yi wa garin tayin dukiya, bisa sharaɗin a kashe shi. Mutanen gari suka ƙi da babbar murya, suna cewa su masu mutunci ne. Kashegari suka fara cin bashi a kantin Draman ɗin: sababbin takalma, taba mai tsada, sannan fanka da firji. Ba wanda ya ce zai kashe shi. Bashin ne ya yanke hukunci. Zamanin shirye-shiryen tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya ne, kuma ma'aikatan Nijar da suka yi watanni suna jiran albashi a farkon shekarun 1990 ba su buƙatar a fassara musu wannan fim. Mambéty da kansa ya fito a ciki, a matsayin tsohon alƙalin da ya yanke hukuncin zalunci.

A watan Janairu na 1994, a Dakar, aka sanar da karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. A shekarar ya fito da Le Franc. Marigo, mawaƙi, mai gida ta ƙwace masa kayan kiɗa saboda kuɗin haya. Ya sayi tikitin caca, ya liƙa shi a ƙyauren ɗakinsa don kada ya ɓata. Tikitin ya ci, ya ƙi ɓantaruwa, sai ya cire ƙyauren ya ɗauka a ka ya ratsa birni da shi har bakin teku. Wannan ne na farko a jerin fina-finai uku da ya yi niyya a kan ƙananan mutane. Na biyun, La Petite Vendeuse de Soleil, labarin Sili ne, yarinya mai tafiya da sanduna, wadda ta shiga sana'ar sayar da jarida duk da tsangwamar yara maza. Yana cikin aikin haɗa shi ciwon ya ci ƙarfinsa. Fim ɗin ya fito a 1999. Na ukun ba a yi shi ba.

Iyalinsa ne suka riƙe gadon. Ƙaninsa Wasis Diop, wanda ya yi kiɗan Hyènes, ya ci gaba da waƙa. Ɗansa ne ya ba da asalin faifan Touki Bouki lokacin da gidauniyar Martin Scorsese ta sa aka gyara shi a Bolonya ta Italiya a 2008, kuma wannan gyara ne ya mai da fim ɗin hannun masu kallo. A 2022 ya shiga cikin fina-finai 100 da masu sharhi suka zaɓa wa mujallar Sight and Sound. Ƴar Wasis, Mati Diop, ta ci babbar kyautar alƙalai a Cannes a 2019 da fim ɗinta Atlantique. Kafin nan, a 2013, ta yi Mille soleils, inda ta je ta nemo Magaye Niang, wanda ya fito a matsayin Mory shekara 40 da suka wuce. Ta same shi a Dakar, ya tsufa, yana kora shanu.