Masu Sa Barci a Tiyatar Raba Tagwayen da Aka Haifa a Manne

Rahoto mafi daɗewa da likitocin Nijeriya suke komawa gare shi a wannan fanni daga Sakkwato ya fito, domin a can aka haifi wasu jarirai manne ta cibiya a 1935, wani likita Bature mai suna McLaren ya raba su, ya kuma wallafa bayanin a 1936.

Darasin da ya fi shafar masu sa barci, wato likitocin da ke gusar da hankalin majiyyaci su kuma riƙe numfashinsa da bugun zuciyarsa har a gama tiyata, ya zo ne a 1953, lokacin da aka kai wasu tagwaye mata daga Kano zuwa Asibitin Hammersmith na Landan, Farfesa Ian Aird ya raba su. Ɗaya ta rayu, ɗayar ta rasu jim kaɗan bayan aikin, aka kuma danganta rasuwar da raunin ƙullin da ke saman ƙoda, wanda ke fitar da sinadarin da jiki ke jure wuya da shi, ta yiwu da na 'yar uwarta take rayuwa. Daga nan ba da wannan sinadari ga jariran biyu ya shiga cikin shirin aikin.

Tushen wahalar sa irin waɗannan tagwaye barci shi ne jininsu yakan gauraya, don haka maganin da aka yi wa ɗaya yana iya kwantar da ɗayan tun ba a sa masa bututun numfashi ba, alhali waɗanda suka manne ta ƙirji fuska da fuska suke, sa bututun kuwa sai gwani. Shi ya sa ake ware wa kowane jariri ayarinsa da na'urarsa, a shafa wa sirinji da robar ƙarin ruwa launi dabam, a kuma tanadi jini da abin ɗumama jiki kafin a taɓa wuƙa.

Sunan mai fiɗa ake riƙewa, kuma wannan ragi ne ga tarihi, domin a cikin ma'aikata 78 da Farfesa Emmanuel Ameh ya jagoranta wajen raba wasu tagwaye a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja a 2019, da waɗanda suka raba wasu tagwayen Kano dabam a birnin Riyad a 2024, masu sa barci ne suka fara taɓa yaran, su ne kuma suka raka su ɗakin kulawa ta musamman bayan an ɗinke.