Kalmar ta'addanci a bakin Damagarawa

Ta'addanci daga Larabci ya fito, ta'addi, watau ƙetare iyaka, kuma kalmar ba ta bambanta ɓarnar ɗan tawaye da ta mai kaki. Wannan abin lura ne ga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci. A 1964 gwamnatin Diori Hamani ta kira mayaƙan Sawaba ƴan ta'adda, amma a Zinder, inda jam'iyyar take da magoya baya, sunan bai zauna a bakin kowa ba. A Fabrairun 2015 kuwa, da Boko Haram ta afka wa Bosso da Diffa, jama'a sun la'ance ta, suka karɓi ƴan gudun hijira, suna kuma gunagunin dokar ta-ɓaci da ta hana kabu-kabu da cinikin tattasai da kifi a Diffa.