Jijiyar Da Ke Riƙe Da Muryarka: Tarihin Tiyatar Shanyewar Tantanin Murya

Mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin wanda aka yi wa aikin maƙoƙo ya dawo gida lafiya lau, amma muryarsa ta koma kamar mai raɗa, in ya sha ruwa ya ƙware. Sau da yawa abin da ya faru shi ne ɗaya daga cikin tantani biyu da ke cikin maƙogwaro ya daina motsi. Su ne ke buɗewa in za ka shaƙi iska, su haɗu su yi karkarwa in za ka yi magana. Wata siririyar jijiya ce ke ba su umarni, kuma tarihin wannan ciwo kusan duk tarihinta ne.

A ƙarni na 2 miladiyya, likitan nan Galen, wanda Larabawa ke kira Jalinus, ya nuna wa mutanen Rum aikinta. Yakan yanke ta a wuyan alade mai kururuwa, nan take kukan ya ɗauke alhali dabbar na numfashi. Jijiyar tana da wata irin tafiya: daga ƙwaƙwalwa ta gangara ƙirji, sannan ta juyo sama zuwa maƙogwaro, ta bayan halittar da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Ta hagu ta fi tsawo, domin sai ta zagaye babbar jijiyar jini ta zuciya. Shi ya sa ƙari a huhu ko kumburin zuciya kan iya dishe murya.

Aikin maƙoƙo kuwa ya daɗe yana kashe mutane, har Cibiyar Likitocin Faransa ta hana shi a 1850. Theodor Kocher na birnin Bern a Suwizalan ne ya sauya lamarin da tsafta da aiki a tsanake, ya kuma samu kyautar Nobel a 1909. A 1938 Frank Lahey a Amurka ya ƙarfafa ƙa'idar da ake bi har yau: likita ya nemo jijiyar ya gan ta da idonsa kafin ya yanka komai.

To, in ta riga ta lalace fa? Sai da aka fara iya leƙa maƙogwaro tukuna. Wani malamin waƙa ɗan Sifaniya, Manuel García, shi ya kalli nasa da ƙaramin madubi a 1854. A 1911 Wilhelm Brünings a Jamus ya yi wa tantanin da ya shanye allurar kakin farafin don ya yi kauri ya haɗu da ɗan'uwansa. Dabarar ta yi, amma kakin ya riƙa jawo ƙulluwa, aka bar shi. Yau ana amfani da kitsen jikin mutum ko sinadarai masu narkewa. A 1974 Nobuhiko Isshiki na Kyoto a Japan ya kawo hanyar buɗe 'yar taga a guringuntsin maƙogwaro a tura tantanin tsakiya da ɗan abin tokari. Yawanci majinyaci na farke, yana magana, likita na gyarawa har murya ta daidaita. Ka lura: waɗannan ayyuka ba sa tayar da jijiyar, gurbin da iska ke zurarewa kawai suke toshewa.

Me ya haɗa wannan da mu? Ƙarancin sinadarin aidin ne babban sanadin maƙoƙo, abin da ya sa Nijeriya ta wajabta sa shi a gishiri a 1993. Amma har yanzu ana aikin maƙoƙo, kuma ga ladan, ko malamar firamare a Kiyawa, ko dillali a kasuwar Shuwarin, murya ita ce jari.

Ga abin da tarihin ya koyar. Idan gefe ɗaya ne ya shanye kuma ba a tsinke jijiyar ba, takan farfaɗo da kanta, don haka likitoci kan jira wata 6 zuwa 12 kafin aikin dindindin, ana atisayen murya ko allurar wucin gadi. Idan duka biyun ne, matsalar ta numfashi ce, ba a jira, wani lokaci sai an huda maƙogwaro an sa bututu. Cire beli wurin wanzami ba ya taɓa wannan ciwo, domin ba nan yake ba.

Duk dishewar da ta wuce mako huɗu, ka nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa da na'ura. Kana iya farawa daga Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, in da buƙata a tura ka Asibitin Malam Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. In kuma aikin maƙoƙo ne a gabanka, ka tambayi likita ko za a duba tantanin muryarka kafin aiki, da yadda za a kare jijiyar. Haƙƙinka ne ka tambaya.