Mashigar Namun Daji ta Kitengela

Mashigar namun daji ta Kitengela fili ne na kiwo a kudu da birnin Nairobi, ƙasar Kenya, wanda ya haɗa Gandun Dajin Nairobi da filayen Athi-Kapiti. An kafa gandun a 1946, faɗinsa murabba'in kilomita 117. An shinge shi ta ɓangarori uku, aka bar kudu a buɗe, inda kogin Mbagathi ya zama iyaka. Ta nan jakunan dawa da bareyi ke fita neman ciyawa da damina, su dawo wurin ruwa da rani.

A asali yawancin filin mallakar makiyayan Masai ne. Da birni ya bunƙasa, aka shiga yanka filaye ana sayarwa, shinge da gine-gine suka toshe hanyoyin dabbobi. A shekarar 2000 aka fara biyan masu filaye kuɗin haya don kada su shinge filayensu. Daga baya hukumomin yankin suka tsara taswirar amfani da ƙasa, wadda ta ware wurin gini da wurin kiwo. Kamar burtali ga shanu, idan mashigar ta toshe, gandun ya zama keji.